Kada Gawata Ta Kwana

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, da waɗanda muke so da waɗanda muka kasa so. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, matar faston 'yan Metodis na Zugu, garin da takarda ke kira Djougou, ta rasu cikin bazarar da ta wuce a asibitin Parakou. A hannuna ta cika.

Masu gaisuwa gidana suka zo, nan unguwar Ladjifarani cikin Parakou, don ba su san inda za su dosa ba in ba nan ba. Ban taɓa ganin zaman makoki irinsa ba. Mace za ta shigo, ta tuɓe takalmi, ta zauna bakin tabarma, ta buɗe baki za ta yi addu'ar da aka saba yi wa mamaci, sai ta tuna wace ce ta mutu, ta haɗiye. Sai ta ce, "To, sannu fa," ta shiga kallon kaji. Maƙwabciyata, matar mai facin taya a Gar, wato tashar jirgin ƙasa, ita ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Ai ke hutawa kika yi. Wata da watanni kina kwasar ƙazantar wadda ta bar salla." Da na kawo ruwa ta tambaye ni ko da wannan kofin marigayiyar take sha.

Baffa, yayan mahaifina, mai gidanmu na Zugu, bai zo ba, bai aiko ba. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce shi ƙanwarsa ta mutu tun yana saurayi, ya gama kukanta tun a lokacin.

Matan coci su ma sun zo, sanye da atamfa iri ɗaya, wadda suka saya don jana'izar da ba su samu yi ba. Shugabarsu, 'yar kudu ce, matar wani ma'aikacin gidan waya a Zugu, ta ƙi zama. Daga tsaye ta ce da ni cikin yaren Dendi, "Mun zo mu ga fuskar matar da ta sace mana Maman." Na ce sannunku da zuwa. Na shimfiɗa musu tabarma, suka taka ta da takalmi suka fita.

Duk wannan fushin a kan abu ɗaya ne. Gwaggo ta roƙe ni kada in bari gawarta ta kwana ba a rufe ba. Tun da nake da ita ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Yanzu kowa na ba da labarin yadda ya ga dama, shi ya sa na zauna in rubuta wace ce ita, da abin da ya faru, kafin a gama lalata ta da baki.

Ba zan ce ina son Gwaggo ba. Da ta ji na faɗi haka da ta ce in rufe mata baki. Doguwa ce, baƙa, siririya, mai tabo babba a ƙwaurin hagu. Wannan tabon shi ne mafarin komai. Tana budurwa gyambo ya ci ƙafar har ana maganar ba za ta tashi ba, aka kai ta ɗakin shan maganin mishan. Ta daɗe can. Ƙafa ta warke, ita kuma ba ta dawo ba. Ta karɓi addininsu, ta auri wani saurayi ɗan kudu mai koyar da littafinsu, wanda daga baya ya zama fasto. Kakanmu ya tara 'ya'yansa a zaure ya ce daga yau ba shi da 'ya mai wannan sunan.

Ita ba ta yarda an kore ta ba. Duk suna, duk biki a gidan, sai ga ta da mayafi, ba wanda ya gaya mata. Ina yarinya na ga ranar da Baffa ya tare ta a bakin zaure.

"Wa ya kira ki?"

"Gidan ubana ne, Yaya. Ba a kirana."

"Ubanki ya ce ba shi da ke."

"Ya faɗa, na ji. Amma hancin nan nasa ne, zo ka cire abinku."

Ta raɓa shi ta wuce. Da kwanonta take zuwa da ludayinta, ta ce don kada mu sha wahalar fasa namu bayan ta tafi. Ta zauna ƙofar ɗakin da uwarta ta zauna, ta ɗanɗana miya ta ce gishiri ya yi yawa, ta duba jariri ta ce ba a gasa masa cibi da kyau ba. In aka kira azahar ta daka mana tsawa, mu 'yan mata, "Ku tashi ku yi salla, kun zube kamar kayan wanki!" Ita kuwa tana zaune ba ta motsa ba. Matan gidan suna zaginta ƙasa-ƙasa, tana ji, tana cin tuwonta.

Ni Sanyi take kirana. Ta ce tafiyata sanyi, maganata sanyi, in gobara ta tashi sai na gama gaida wutar kafin in ɗebo ruwa. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci bayan na yi aure, na rubuta mata sunana don ta yi murna. Ta juya allon sama da ƙasa ta ce, "Kaza ce ta bi ta nan?" Ban ƙara nuna mata ba.

A cocin ma ba ta da masoyi. Mijinta kowa Fasto yake ce masa, ita kaɗai ke kiransa Malam, yadda matan malamai ke yi a unguwarmu. Musulmi suna jin haushin wannan, 'yan coci suna jin haushi, ita ko a jikinta. Yawancin mutanen cocin ma'aikata ne da aka turo daga kudu, da yarensu da waƙoƙinsu. Ba ta koyi yaren ba. In suna waƙa sai ta buɗe nata littafin na Hausa ta ɗaga murya a kan tasu. Ba ta rawa in za a kai baiko, kuma ba namijin da ya taɓa ganin gashin kanta sai mijinta. An ce wata Lahadi shugabar mata ta ce da ita, "Maman, ki saki jiki mana, nan ba masallaci ba ne." Ta ce, "Na lura. Can ba a gulma da ƙarfi haka."

Babbar rigimarsu a kan mutuwa aka yi ta. Wani dattijon coci ya rasu, aka yi masa allurar da ke hana gawa lalacewa, aka ajiye shi har danginsa su taho daga kudu, a ɗinka anko, a tanadi abinci. Haka suke yi, a wurinsu girmamawa ce. Ranar da aka fito da shi an sa masa kwat, an shafa masa hoda, an maƙala masa tabarau, mutane na wucewa suna kallo, a waje ana dafa shinkafa. Gwaggo ta shiga, ta dube shi, ta fita bayan katanga ta yi amai. Ta dawo ta ce a gaban kowa, "Mutum ya gama aikinsa, ku sallame shi mana. Me ya yi muku?" Ta ƙi sayen ankon. Daga ranar matan suka sa mata ido.

Sai juyin juya hali ya zo, kowa ya zama kamarad, har tsohon da ba shi da haƙori. Gwamnati ta karɓe lakwal ɗin mishan, makarantar da Gwaggo ke koya wa 'yan mata ɗinki. Bayan nan aka shiga farautar mayu unguwa-unguwa. Akwai wani yaro ɗan 'yan coci da ta kama yana jifan mangwaronta, ta ce masa zai gani. Zazzaɓi ya kashe yaron cikin damina. Kwamitin unguwa ya aiko a zo da ita. Ba ta taɓa faɗin wanda ya kai sunanta ba, amma daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwar gidan shugabar mata ba.

Aka tsayar da ita cikin rana a filin unguwa tare da wasu tsofaffin mata. Mutanen gidanmu suna leƙe ta kan katanga, ba wanda ya fito. Delege, wato mai unguwar da juyin ya naɗa, yaro ne da lasifika a hannu. Ya ce, "Kamarad, ki faɗi gaskiya gaban jama'a. Mutum nawa kika ci?"

Ta ce, "Yaro, dube ni da kyau. Da ina cin mutane da na rame haka?"

Jama'a suka fashe da dariya, shi kuwa ya ji kunya ya ce a bar ta nan har ta yi laushi. Can sai ga mijinta, Baba Fasto, gajere, mai sanƙo, mutumin da ko kaza ba ya iya korawa. Ya cire hularsa ya tsaya kusa da ita cikin ranar. Ta ce, "Malam, koma gida, kanka ba gashi." Bai koma ba. Haka suka tsaya har la'asar, aka gaji aka sallame su. An sake ta, amma sunan bai sake ta ba. Shekara da shekaru in ta shiga kasuwa mata na janye 'ya'yansu, Musulmi da Kirista duka. Maimakon ta yi laushi sai ta ƙara tauri. In ta ga uwa ta ja ɗanta sai ta ce, "Bar shi, na ƙoshi yau."

Alherinta guda da zan iya rantsuwa a kansa, ni ta yi wa, kuma da zagi ta haɗa shi. Na haifi 'yata ta fari uwata ba ta da rai, mahaifina ma ya rasu. Daga gidan Baffa ba wadda ta ce in zo wankan gida. Ina kwance nan Parakou, maigidana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana hanya, ban san yadda ake kama jariri ba. Sai ga Gwaggo ta sauko daga motar doya da ƙatuwar tukunya a kai da damin ganye. Ba sallama, ba barka. Ta ce, "Tashi, Sanyi, wari kike." Ta yi mini wankan jego safe da yamma har na gama kwanakina. Ruwan yana tafasa take tsoma ganye ta fyaɗa mini, ina kuka tana cewa, "In za ki yi kuka ki yi kina juya baya, ruwa na hucewa." Ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Ranar da ta gama ta ɗaure tukunyarta. Na durƙusa zan yi godiya ta ce in tashi, ba don ni ta yi ba, don ɗan'uwanta da ke ƙasa ta yi.

To, da ciwon ciki ya kama ta bara aka kawo ta asibitin Parakou, ni ma ban jira a kira ni ba. Baba Fasto ya tsufa, ba ya iya ɗaga ta. Ɗansu guda ne, malamin makaranta a Cotonou, ya zo ya duba ta ya koma bakin aiki. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ita ke gaya mini duk abin da ban iya ba.

Wata safiya ina ba ta koko ta ture cokalin.

"Ke Sanyi. Kin ga ɗakin can na bayan wurin wanki, mai injin da ke ƙugi?"

"Na gani, Gwaggo."

"Can suke ajiye mutane kamar kifi. In kika bari aka sa ni can, ko aka yi mini allurar nan, ban yafe miki ba. Ranar da na mutu, ranar za a rufe ni. Kada gawata ta kwana."

Na ce ta gaya wa Baba Fasto, shi ne mai iko.

"Malam? Kuka zai yi ya ce to. Matan nan su zo su ce a'a, ya sake cewa to."

"Ɗanki fa? Jirgin ƙasa ba zai kawo shi a ranar ba."

Ta juya fuska wajen bango. Can ta ce, "Ya gan ni da rai."

Zuciyata ta raya mini wani abu, na matsa kusa na ce a hankali, "Gwaggo, ko in kira miki liman?"

Kallon da ta yi mini har yau ina jin sa. "Kada ki raina mini hankali. Inda nake nan nake, a nan zan mutu. Ban ce ki yi mini salla ba. Cewa na yi ki rufe ni."

Na ce me ya sa ni, duk cikin mutane.

"Don ke ba a iya faɗa da ke. Mutum ya yi ta zaginki kina kallonsa kamar saniya har ya gaji. Ba ni kokon."

Ta cika da sassafe, rana ta fara fitowa, tana motsa baki da waƙarsu. Baba Fasto na riƙe da hannunta. Na rufe mata ido, na ɗaure mata haɓa, na roƙi wata dattijuwa mai shara a ɗakin ta kama mini muka wanke ta. A ƙasan jakarta na tarar da farin yadi sabo, a ninke. Na naɗe ta da shi. Na aika a kira maigidana daga Gar, don na san yana lodin siminti zuwa Zugu a ranar.

Shugabar mata tana gari, ta zo dubiya tun jiya da wasu mata biyu. Kafin hantsi sai ga su da mai allurar gawa, da akwatin kayansa a hannu. Na ɗauko kujera 'yar tsugune na zauna a bakin ƙofar.

Shugabar ta ce, "Matsa."

Na ce, "Ku yi haƙuri."

"Ke wace ce a nan? Matar fasto ce ta mutu. Uwar coci. Za a zo daga Cotonou, za a zo daga Porto-Novo. Ku da kuka yar da ita tun tana yarinya, yau kun tuna taku ce?"

"Ku yi haƙuri, ita ta ce."

Ta zage ni da Dendi, ta koma Faransanci, ta koma yarensu. Ta ce mu Hausawa muna binne mutum kamar mai ɓoye abin sata. Ɗaya daga cikin matan ta kama hannuna ta ja, na riƙe ƙyauren. Mai allurar ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ajiye akwatinsa ya koma gindin bishiya.

Baba Fasto ya fito, ido jawur. Hausarsa a karye take, wurin Gwaggo ya koya. Ya tsuguna gabana, tsoho da shi, ya ce, "'Yata, ki saurare ni. A wurinmu wanda ake binnewa da gaggawa, ba taro, ba jira, shi ne wanda ya yi mugun mutuwa. Wanda aradu ta kashe. Maye. Kin san abin da suka kira ta a filin nan. In na rufe ta yau, gobe za su ce ga shi, mijinta ma ya sani. Ina so in ajiye ta, a zo da yawa, a yi waƙa, kowa ya ga ba a jin kunyarta."

Wallahi ban taɓa tunanin wannan ba, sai da ya faɗa. Gaskiya ya faɗa, kuma don ita yake yi. Na ce, "Baba, ni dai amana aka ba ni."

"Ni ba ta gaya mini ba. Shekara nawa muna tare. Me ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa."

Na so in gyara maganar, sai na ga ba amfani. Na faɗa masa duka, har da kifin, har da cewa shi kuka zai yi ya ce to, matan su zo ya sake cewa to. Shugabar mata ta ce, "Ƙarya take!" Shi kuwa sai ya yi wata irin dariya, hawaye na zuba. Ya ce, "A'a. Bakinta ne. Wannan yarinyar ba ta iya ƙirƙiro rashin kunya irin wannan ba." Ya miƙe da ƙyar, ya sa hularsa, ya ce da mai allurar ya tafi. Abu ɗaya ya roƙa, a sa ta cikin akwati kamar kowane Kirista. Maigidana ya samo wani kafinta a bayan Gar ya haɗa akwatin katako nan da nan.

Shugabar ta ce, "Za ku ga wanda zai haƙa muku." Ta nufi gidan waya.

Muka ɗora akwatin kan buhunan siminti, na zauna kusa da shi na riƙe, Baba Fasto a gaba. Zafin ranar nan ba a magana. Hanya duk gargada, akwatin na tsalle ina danne shi da ƙirji. Da muka wuce garin Onklou rana ta riga ta karkata.

A Zugu muka tarar da abin da shugabar mata ta faɗa. Wayarta ta riga mu. Maƙabartarsu tana bayan cocin, ba wanda ya sa diga a ƙasa. Mazan cocin sun ce sai dangi sun iso. Wani tsoho mai kaɗa musu ƙararrawa ne kawai ya fito, da mata kaɗan da suka tsaya nesa. Ƙasar wurin marmara ce, ga bazara, maigidana shi kaɗai ba zai iya ba ko zai kwana yana sara.

Na ja mayafi na tafi gidanmu. Baffa na zaure kan buzu da carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Gwaggo ta rasu.

Ya ce, "Ba ni da wata ƙanwa."

Ban tashi ba. Ya ja carbi, ya ja, ni ina durƙushe.

"Yaushe?"

"Da sassafe, Baffa."

"Ina take?"

"Tana cikin mota bayan coci. Sun ƙi haƙawa."

Ya ɗaga kai ya dubi inuwar katanga. Fuskarsa ta ɓaci. "Tun safe? Cikin wannan zafin? Waɗanne irin mutane ne waɗannan!" Ya ƙwala wa samarin gidan kira, ya ce su ɗauki diga da shebur su kira na maƙwabta. Ya nuna ni da carbin ya ce, "Ba don ita ba. Ba a taɓa barin jinin gidan nan a kan ƙasa rana ta faɗi ba, ba kuma za a fara a kaina ba. Kada wanda ya taɓa ta, kada wanda ya buɗe baki ya yi addu'a. Ku haƙa ku dawo."

Samarin nan sun saba, duk mutuwar unguwa su ke haƙawa. Babbansu ya karyo karan dawa ya miƙo mini, na hau mota na ɗaga murfin na auna tsawonta, na miƙa masa, yadda ake yi kullum. Baba Fasto yana cikin coci yana addu'a da tsohon nan. Suka sa diga, marmara na tartsatsi, suna karɓeɓeniya, ba mai magana. Kafin rana ta yi ja sun gama.

Da aka sauko da akwatin aka kawo bakin ramin, sai kowa ya tsaya. Kabarinmu suka haƙa. Faffaɗan rami a sama, a tsakiyarsa ƙaramin rami siriri, daidai mutum in ya kwanta a gefensa. Sun kuma karkata shi yadda fuska za ta dubi gabas, ya gitta wa layin sauran kaburburan. Cikinmu ba wanda ya taɓa binne mutum a akwati, ba wanda ya tuna da shi. Ko rabinsa ba zai shiga ba.

Maigidana ya ce a faɗaɗa. Babban samarin ya buga diga a gefen, ta yi ƙara ta dawo. Ya ce daga nan dutse ne zalla, sai dai gobe, kuma ga magariba, su za su tafi salla. Tsohon mai ƙararrawa ya ce a mayar da ita cikin coci ta kwana, da safe a gyara. Matan da ke nesa suka matso suna cewa Allah ne ya nuna ikonsa.

Na dubi Baba Fasto kawai.

Ya daɗe yana kallon ramin. Sa'an nan ya ce, "Ku buɗe."

Wata mata ta ƙwala ihu. Baba Fasto da maigidana da tsohon, wanda ya kama yana gunaguni, suka ɗago ta cikin farin yadinta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ni na riƙe kan. Ramin bai yarda da wata kwanciya ba sai ta gefen dama, haka aka sa ta. Ba a tanadi itacen rufi ba, sai maigidana ya ɓalle katakon akwatin aka jera a kai. Baba Fasto ya buɗe littafinsa ya karanta, ya yi waƙa shi kaɗai, tsohon na kama masa. Samarin suna tsaye can baya sun juya mana ƙeya. Da ya gama suka zo suka tura ƙasa. Ana kiran magariba ana daidaita kan kabarin. Abin da ke tsakaninta da Mahaliccinta ban san shi ba, ba a kuma tambaye ni ba. Abin da ta ce in yi, an yi.

Washegari muka komo Parakou, na tafi Gar taryen jirgin Cotonou. Na ce gara ɗan Gwaggo ya ji daga bakina. Amma matan coci sun riga ni, suna tsaye bakin dandamali. Ya sauko da baƙar kwat, da bandir ɗin atamfa a kafaɗa, da furannin roba a hannu. Suka kewaye shi. Ina hango shi yana sauraro, har ya sauke atamfar ƙasa.

Taubashina ne, ɗan gwaggo. Tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba, ko a gaban mijina matata yake ce mini. Ya taho inda nake ya yi ta magana da Faransanci, ya san ba na ji. Da ya gama ya koma Hausa.

"Ba akwati?"

"Ba akwati."

"Kamar mayya."

"Ita ta ce kada ta kwana, ɗan'uwana."

"Kada ki ƙara kirana haka. Ke kin gan ta. Kin wanke ta, kin rufe mata ido, kin riƙe kanta. Ni da ta haifa, me kika bar mini?"

Na miƙa masa ruwan da na zo da shi, bai karɓa ba. Ya ɗauki kayansa ya nufi tashar motocin Zugu, matan na biye da shi.

An ce ya kawo magini a yi wa kabarin siminti a daidaita shi da layin sauran. Maginin ya ce ba ya daidaituwa sai an tone. Baba Fasto ya ce ba mai tone masa mata. Aka yi simintin a yadda yake, a gicciye. Baba Fasto ya ajiye aiki ya koma kudu wurin ɗansa. A kasuwar Zugu masu cewa mayya suna nan suna faɗa, sun ma samu ƙarin hujja.

Watan jiya aka sa ranar auren 'yata. Na zaɓi goro fari mai kyau, na ƙulle cikin ganye, na ba wani ma'aikacin jirgi da ya san gidan taubashina ya kai masa. Shekaranjiya mutumin ya yi sallama a ƙofata, ya miƙo mini ƙullin yadda na ɗaure shi, ba a ko kwance ba. Na tambaye shi ko an ba shi saƙo. Ya ce babu. Na yayyafa wa goron ruwa don kada ya bushe, na mayar cikin tukunya. Jirgi na komawa ranar Asabar, zan sake aikawa.